Ƙafar da Aka Bar wa Wurin Girma

Duk wanda ya taɓa zama a layinmu a Damilu ya san warin Zadok kafin ya san fuskarsa. Warin ƙonanniyar roba ne, mai shiga hanci ya je ya zauna a maƙogwaro. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, don haka na fi kowa shaƙar wannan wari, na kuma fi kowa yi masa masifa a kai. Ni ce Naziha mai ƙanƙara. Shi yana ce min Adda, ni ina ce masa Baban Debbie ko da ina tsakiyar zazzaga masa faɗa.

Sana'arsa liƙin roba. Bokiti ya tsage, jarka ta huje, kujerar biki ta karye, sai a kawo wa Zadok. Ya sa ƙarfe a gawayi ya yi ja, ya yanko ɗan ɓalli daga wani mataccen bokiti, ya narka shi a kan tsagar. Kulolin ƙanƙarata duk sun bi ta hannunsa, wasu sun fi shekarun jikokina. Yana da wata ɗabi'a ta ƙwanƙwasa roba da farce ya kasa kunne, wai yana jin danginta. "Wannan roba da wancan ba su yarda da juna, Adda," in ji shi. "Ko ka haɗa su, gobe za su rabu." Ni kuwa in ce masa ya rage min hayaƙi, dangin roba ba su dame ni ba.

Daga kudancin Adamawa ya zo Jimeta yana saurayi, da niyyar karatu. Karatun bai yiwu ba, sai ya kama ƙarfe. Ya auri Keturah, mace mai dariya da ƙarfi, mai sayar da tumatir da ganye a kasuwa. 'Yarsu ɗaya tak, Debbie. Yarinyar nan tun tana rarrafe take tsallako min gida, tana ce min Goggo, tana satar min ɓarɓashin ƙanƙara.

Sai ga shekarar da bama-bamai suka yi ta tashi a Jimeta. Ranar da abin ya same mu ina tsakar gida ina ɗaure ruwa a leda, na ji ƙara na ɗauka tiransifoma ce ta sake bugawa. Keturah tana kasuwa, Debbie na tare da ita don an tashi daga makaranta. Da zaninta aka gane Keturah. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Debbie kuwa a ƙarƙashin tebur aka tsinto ta, ƙafar hagu ta dagargaje daga ƙauri zuwa ƙasa. Ba ta wuce shekara bakwai ba.

Ina tsaye bayan Zadok a barandar asibiti lokacin da likitan ya fito. Ya gaji har idonsa ya faɗa, amma ya tsaya ya yi mana bayani. Ya ce sun yanke ƙafar, amma sun ceci gwiwa. Ya ce mai gwiwa, in aka sa masa ƙafar roba, zai yi tafiya kamar kowa, har gudu zai yi. Wanda ba shi da gwiwa kuwa jan jiki ne har ƙarshen rayuwarsa. Ya dafa kafaɗar Zadok ya ce, "Baba, ka kula da gwiwar nan. Ita ce ta rage mata." Zadok ya gyaɗa kai. Ko kukan matarsa bai samu ya yi ba tukuna.

Bayan wasu watanni wata ƙungiyar agaji ta buɗe wurin yin ƙafafu a cikin Yola. Zadok ya goya Debbie ya kai ta. Mai aikin wani baƙo ne dogo mai suna Wilson, wanda duk Hausar da ya iya ba ta wuce gaisuwa da kalma ɗaya ba: daidai. Zadok ya je don ƙafar 'yarsa, amma da ya leƙa ɗakin aikin sai ya kasa fitowa. Abin da ya gani ya dawo ya yi ta ba ni labari ta kan katanga har na haddace. Ana naɗe dungun ƙafa da filasta, irin farin garin nan da ake ɗaure karaya da shi a asibiti, a ɗauki siffarsa. A zuba filasta a cikin siffar, a samu dungu na biyu fari fat, sak na mai shi. Sai a ɗauko wani faifan roba mai kauri, a sa shi a tanda har ya yi laushi ya koma garai-garai ana hango hannu ta cikinsa. A rufa shi a kan farin dungun, inji ya zuƙe iska, robar ta manne ta ɗauki kowane lungu da kowane ƙashi. Idan ta huce, ga kwanson da dungu zai zauna a ciki, sai a ɗaura masa sanda da tafin ƙafa.

Sunan robar polifirofilin. Zadok yana faɗin sunan nan a hankali kamar sunan surukarsa. Ya ce dangin robar bokiti ce, amma an tace ta, ba ta tsagewa, ba ta cin fata, zafin Yola ma ba ya sa ta lanƙwasa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana liƙa tsagaggun bokitai ya ga abin da roba za ta iya zama, ya rikice. Ya fara da shara a wurin ba wanda ya sa shi. Daga shara ya koma dama filasta, daga nan goge bakin kwanso, har Wilson ya sakar masa tanda. Wilson ya koya masa tsakani da Allah, kuma ƙa'ida ɗaya ya fi nanatawa. Kwanso ya kama dungu kamar fata ta biyu. Ba ƙari, ba ragi. In yaro ya girma, a jefar a yi sabo. "Daidai, Zadok. Daidai."

Shekarun nan su ne masu daɗi, in har akwai masu daɗi. Debbie ta yi tafiya, ta yi gudu, ta ɗebo ruwa, ta yi tsallen igiya da 'yan layi. Baƙo ba zai gane komai ba sai ta ɗaga siket. Kusan kowace shekara a yi mata sabuwar ƙafa, ita kuma ta kawo min tsohuwar wai in ajiye tsintsiya a ciki. Na kore ta da ludayi, ta fita da gudu tana dariya irin ta uwarta.

Da labarinmu ya tsufa a rediyo, ƙungiyar ta naɗe kayanta. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don yaran da aka yanke wa ƙafa ba su daina girma ba saboda an daina maganarsu. Wilson ya yi abin da zai iya. Ya bar wa Zadok ragowar faya-fayan roba da wasu kayan aiki, ya rungume shi ya tafi. Tanda da injin iska kuwa na ƙungiya ne, sun bi mota.

Zadok bai zauna ba. Ya je wurin Haidar mai gidan burodi ya roƙi a bar masa tanda bayan an kwashe burodin safe. Ya ciro kwamfaresa daga wani mataccen firij ya juya ta tana zuƙar iska. Abin ya yi aiki, wallahi ya yi. Sai mutane suka gano hanyar gidansa. 'Yan gudun hijira da suka zauna a Mbamba da Yolde Kohi, manoman da suka koma gona suka taka abin da aka binne, masu ciwon suga. Kowa ya zo da sanda da labari, Zadok kuma bai iya cewa a'a ba. Na sha gaya masa ya tuna yana da tasa a gida. Ya ce, "Na sani, Adda. Na ɓoye nashi." Na Debbie yake nufi, don Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Haka faya-fayan suka yi ta raguwa har ya rage saura ɗaya, a bayan durowa, naɗe da tsohon zanin Keturah.

Lokacin Debbie ta kai wajen sha biyu, tana tashi kamar masara a damina. Ƙafar da take sawa ta fara matsa ta. Zadok ya aika saƙo Kano, ya aika Legas, aka ce robar nan sai dai daga waje, kuma ba a sayar da ɗaya-ɗaya. Ya zauna da faifai guda da yarinyar da ke da sauran shekaru na girma a gabanta.

To, a nan sai in faɗi yadda muke a garin nan, Musulminmu da Kiristanmu. Ba mu taɓa yi wa yaro abu daidai da shi ba. Ka kai yadi wurin tela, kayan Sallah ne ko na Kirsimeti, kalmar farko ita ce a bar wurin girma. Yunifom sai ya sauko har ƙauri, a naɗe hannu sau biyu. Takalmi a sayi mai girma a cusa takarda a gaba. Uwar da ta ɗinka wa ɗanta riga cif-cif, za a ce ba ta san ciwon kanta ba. Haka aka yi mana, haka muka yi wa namu, kuma ba wanda ya mutu don rigarsa ta yi masa yawa.

Zadok ya ɗauki siffar dungun Debbie yadda aka koya masa, bai yi kuskure ko kaɗan ba. Sannan ya dama filasta ya ƙara wa farin dungun kauri da tsawo. Ba da ka ya yi ba. Ya jera tsofaffin ƙafafunta ya duba yadda take ƙaruwa, ya tuno jikin Keturah, ya ƙiyasta inda yarinyar za ta tsaya in ta gama girma. A kan wannan ya rufa faifansa na ƙarshe. Ƙafar ta fito kyakkyawa, ban taɓa ganin ya yi kamarta ba. Ya ɗago min ita ta kan katanga, fuskarsa cike da murna.

Na ce, "Baban Debbie, wannan ai ta babba ce."

Ya ce, "Shi ne dabaran, Adda. Yanzu zai sa safa da yawa, ya cika wurin. In ya ƙara jiki, ya cire safa ɗaya. In ya ƙara, ya cire wani. Ranan da safa ya rage ɗaya, ya zama budurwa, ƙafa ya zauna daidai. Ba zan sake roƙon kowa ba."

Duk layi aka yaba. Haidar ma cewa ya yi, "Dis man get sense," ya ba Debbie burodi kyauta. Ta sa ƙafar ta zagaya tsakar gida, uban yana tafi, ita tana murmushi. An yi wannan ana gab da shiga bazara.

Wanda ya san bazarar Yola ya san gumi. Safa a kan safa a cikin roba, yarinya tana taka rana zuwa makaranta ta dawo. Safar ta jiƙe ta lotsa, dungu ya samu wurin motsi. Duk taku sai ya zame ƙasa ya dawo sama, yana gogar ƙashin da ke ƙarƙashin gwiwa. Wannan daga baya muka sani. Abin da muka gani a lokacin shi ne Debbie ta daina gudu, muka ce ai girma ne, ta fara jin kunya. Ta koma fita makaranta da wuri ita kaɗai, muka ce ta fara hankali. Ta hana ubanta wanke mata safa, ta ce ita ba yarinya ba ce. Shi kuma da ya ga 'yarsa ta fara zama mace sai ya ja baya, ya daina cewa ta nuna masa ƙafa kamar da. Da uwa a gidan da an gani tun satin farko.

Damina ta sauka, ruwa ya kwanta a layukan Damilu yadda ya saba, baƙi, haɗe da na kwata. A ciki take wucewa safe da rana.

Hancina ne ya kama ta. Na shekara da shekaru ina shaƙar warin gidan nan, na san na bokiti, na san na kujera. Ran nan ta shigo karɓar ƙanƙara, sai na ji wani wari da ba na roba ba. Na dube ta, leɓenta ya bushe, idonta ya yi ja. Na rufe ƙofa na ce ta cire ƙafar. Ta ce, "Goggo, ba komai." Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Ta zauna a bakin rijiya ta cire. Safa ta ƙarshe ta manne da nama, sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi. Abin da na gani a ƙasa ya sa na zauna daɓas a ƙasa. Rami ne, ya yi baƙi a gefe, kumburin ya haye gwiwa.

Na ce, "Don Allah, don Annabi, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Goggo, shi ne na ƙarshe. In na ce yana min ciwo, da wane roba Baba zai yi wani?" Sai ta kama hannuna. "Kar ki gaya mishi. Kin ga yadda yake nuna wa mutane."

Ban saurare ta ba. Na ƙwala wa Zadok kira ta kan katanga, ya shigo da ƙarfe a hannu yana hayaƙi. Ya tsaya ya dubi ƙafar 'yarsa, ya dubi farar robar da ke jingine da rijiya. Shi ya fi ni sanin abin da yake gani. Ƙarfen ya faɗi a kan takalminsa yana ƙona shi, bai ji ba.

A asibiti sun yi ƙoƙari, ba zan ɗora musu laifi ba. Sun wanke, sun kankare, sun yi ta ɗura magani. Amma ciwon ya riga ya shiga ƙashi, zazzaɓi kuma ya ƙi sauka. Wata likita ta kira Zadok gefe ta ce ko gwiwar ko yarinyar. Shi ya sa hannu da kansa. Aka yanke a tsakiyar cinya.

Na yi zaton zai ƙona ƙafar nan. Bai ƙona ba. Ya wanke ta ya rataye a ƙusa a rumfar aikinsa, inda duk ya ɗaga kai zai gan ta. Debbie ta dawo gida da sanduna biyu. Ba ta taɓa ce masa ko kanzil a kan abin da ya faru ba. Tana dafa masa abinci, tana gaishe shi da safe, tana ce masa sannu da aiki. Da ta zage shi sau ɗaya, ina jin da ya samu sauƙi. Dariyar Keturah da ke bakinta kuwa tun daga asibiti ban sake jin ta ba, kuma ina kewarta ƙwarai.

Tun daga lokacin Zadok yake neman gwiwa. Ta kanti ta fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, don haka ya ce zai ƙera. Ya sassaƙa daga farin katakon roba na yanka nama, ya gwada da robar tankin ruwa, ya haɗa da ƙarafan babur. In ya gama sai ya lanƙwasa tasa ƙafar ya ɗaura abin a gwiwarsa, ya yi ta zagaya tsakar gida. Ina jin faɗuwarsa daga gidana, tim, sai shiru, sai ya tashi. Gwiwar roba ba ta san lokacin da za ta tsaya da lokacin da za ta lanƙwasa ba. Debbie ta yarda ta gwada guda ɗaya don ta faranta masa. Ta kife a gaban 'yan layi, ta tashi ta ɗauki sandunanta, ba ta sake ba. Hayaƙin shekaru kuma ya kama shi a ƙirji, yanzu tarinsa ya fi gudumarsa ƙara.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wannan. Da faya-fayan suka ƙare, mutane ba su daina zuwa ba, sai dole ta sa ya koma ga bututun ruwa, irin kaurin nan da ake binnewa a ƙasa. Ya gasa shi a tandar Haidar ya ja shi a kan dungun filasta. Da can ya raina shi, ya ce yana da nauyi, ba ya daɗewa, bai dace da 'yarsa ba. Gaskiya ne ba ya daɗewa. Amma yaro ma ba ya daɗewa a girma ɗaya. Yau akwai yara a Mbamba da ke buga ƙwallo da ƙafar bututu, duk shekara su zo a sake musu, gwiwoyinsu lafiya lau.

Kwanan baya wata mata ta zo daga Yolde Kohi da 'yarta ƙarama, mota ce ta take ta. Ina zaune a rumfar ina jiran kulata. Zadok ya durƙusa yana naɗa filasta a dungun yarinyar, sai uwar ta ce, cikin ladabi, "Baba, don Allah a ɗan bar mata wurin girma. Ka san hali, ba kullum za mu iya zuwa ba."

Hannunsa ya tsaya. Ya buɗe baki, tari ya tare shi. Debbie tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, budurwa ce yanzu, sak uwarta a kafaɗa. Ta ajiye faranti, ta jawo sandunanta ta matso. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗan yaye zaninta ta nuna wa matar inda cinyarta ta ƙare.

Ta ce, "Mama, ki bari a yi mata daidai. Ni ma da ina da gwiwa."

Matar ta rufe baki da mayafi. Zadok ya sunkuyar da kai ya ci gaba da naɗi, ya bi kowane lungu na ɗan dungun nan da babban yatsa, ya sake bi. Da suka tafi Debbie ta koma ciki da shinkafarta.

 Zadok ya miƙe ya sauko da farar ƙafar daga ƙusa, ya goge ta da gefen rigarsa. Robar nan ba ta tsage ba, ba ta canja launi ba, kamar jiya aka fitar da ita daga tanda. Ya zura hannu a cikin kwanson yana auna faɗinsa, ya waiwaya ya dubi ƙofar da 'yarsa ta shiga.

Ya ce, "Adda, ka ga jikinshi yanzu? Ban yi kuskuren lissafi ba. Bana ne zai shiga daidai, da safa ɗaya."

 Ya mayar da ita kan ƙusa, ya jawo kulata, ya sa ƙarfe a wuta.